RININ GASHI: SHIGA DA SAUƘI, FITA DA WUYA

Daga Wakilinmu a Jalingo

Ranar da na fara ganin furfura a gemuna ban gaya wa kowa ba. Na sa yatsa biyu na tsinke ta, na yar, na ce shi ke nan. Ba a yi wata biyu ba sai ga ta ta komo, ta kuwa zo da 'yan'uwanta. Tun daga ran nan na shiga sahun mutanen nan masu yawa, maza da mata, waɗanda kullum safiya su ke tsayawa gaban madubi suna shawara da zuciyarsu: a bar ta ne, ko kuwa a rina?

Ni dai na rina. Na ɗanɗani zaƙin abin, na kuma ɗanɗani ɗacinsa. Bayan da na warke sai na bi sawun maganar wurin likitoci da malamai da tsofaffi, na kuma karanta abin da ya sawwaƙa. Abin da na samo shi ne na ga ya kamata in ajiye a gaban masu karatu, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

YADDA ABIN YA FARO

Mai askina ne a nan Jalingo ya fara kawo shawarar. Wata rana ya gama gyara mini fuska, sai ya ja da baya ya dube ni, ya ce, "Alhaji, a ɗan taɓa gemun nan mana. Ai da sauranka." Na yi murmushi ban ce kome ba, shi kuwa ya ɗauki shirun nan a kan amincewa. Ya zuba wani gari a murfin kwalba, ya kwaɓa da ruwa, ya shafa mini da tsohon buroshin goge baki. Bayan kamar minti 20 ya wanke, ya miƙo madubi.

Jama'a, in na ce ban ji daɗi ba na yi ƙarya. Sai na ga kamar an zare mini shekara goma daga wuya. A ofis abokan aiki suka dinga kirana ango. Uwargida ta dube ni ta yi dariya, ta ce, "Maigida, ko dai akwai wata magana ne ba a gaya mana ba?" Har tafiyata ma ta sake. Wannan shi ne amfanin rini na gaskiya, kuma bai kamata a raina shi ba. Mutum in ya ga kansa tsaf a madubi ya kan fita da ƙarfin zuciya, ko wurin neman aiki za shi, ko kasuwa, ko gaban jama'a.

To, amma daɗin bai wuce mako uku ba. Ran nan na duba sai na ga wani farin layi ya zagaye gindin gemun, sama baƙi wuluk, ƙasa fari fat, kamar an tsoma gawayi a toka. Dalili kuwa shi ne gashin mutum yana tsiro wajen rabin inci a kowane wata, rini kuma ba ya kaiwa ga saiwa. Abin da ya riga ya fito shi a ke rinawa, sabon da zai biyo baya da launinsa na ainihi zai fito. Wanda ya ke son asirinsa ya rufu sai ya koma wurin mai aski duk mako uku, watau sau 17 ke nan a shekara. A nan na gane cewa bashi na ci, wanda ba a gama biyansa.

Akwai kuma wata hasara da ban lissafa ba. Da can in na je tasha, yaron mota ya kan ce, "Baba, zo ka shiga gaba." Da gemu ya yi baƙi sai ya koma, "Malam, a matsa ciki." Ashe furfurar nan da na ke ɓoyewa ita ce ta ke sama mini kujerar gaba.

ƊAURIN AURE A ABBARE

Na yi wata da watanni ina rini ba abin da ya same ni, sai dai ɗan ƙaiƙayi da ban kula da shi ba. Ana nan sai aka sa ranar auren 'yar wana a Abbare, ni ne kuma aka ce in ba da auren. Ran Alhamis na je aka yi mini rini na musamman, aka bar shi ya jima don ya kama sosai. Daren Jumma'a sai haɓata ta ɗauki zafi da ƙaiƙayi. Kafin asubar Asabar leɓuna sun kumbura, fatar ido ta yi nauyi, ƙarƙashin gemu kuwa sai tsattsafo da ruwa ya ke yi.

Ba halin in ƙi zuwa. Na ari rawani na naɗa, na ja amawali na rufe baki, har waɗansu a wurin ɗaurin auren suna tambaya ko sarauta aka ba ni. Da aka shafa fatiha na shiga cikin gida gaida Goggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta haura shekara 80. Ta ce in sauke amawalin. Ta dube ni, ta yi salati, ta ce, "Kai, ɗan nan, me ka shafa wa kanka?" Na gaya mata. Ta nuna mini wata bishiyar lalle a bayan ɗakinta, ta ce tun ina goye ta ke nan, da ita mata su ke ƙunshi, da ita marigayi mijinta ya ke jan gemu, ba ta taɓa ganin wanda ya kumbura ba.

Daga nan asibiti aka wuce da ni. Aka aske gemun ƙwal, aka ba ni ƙwayoyi da man shafawa. Sai da na yi mako biyu kafin fuskata ta koma daidai, baƙin tabon kuwa ya yi watanni. Na ce wa likita ai na daɗe ina amfani da rinin nan lafiya lau. Ya ce haka abin ya ke. Jiki ba ya bori a karon farko. Sannu a hankali ya ke gane sinadarin, ya riƙe shi a matsayin abokin gāba, ran da ya tashi faɗa da shi kuwa ba sauran sulhu. Ya gargaɗe ni cewa daga yanzu har ƙarshen raina in nisanci irin wannan rini, domin karo na gaba zai iya fin wannan muni.

ME KE CIKIN KWALIN?

Kafin a gane rini sai a fara gane furfura. A gindin kowane gashi akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyin halitta masu yin wani launi da masana su ke kira melanin, irin wanda ya ba fatarmu baƙinta. Sa'ad da shekaru suka ja sai ƙwayoyin nan su riƙa ƙarewa, gashi ya fito ba launi. Ga Turawa abin ya kan fara tun suna wajen shekara 35, ga baƙar fata kuwa galibi sai an kai wajen 45. Mafi yawan abin gado ne. Amma akwai furfurar wuri da ta kan zo saboda ƙarancin waɗansu sinadaran abinci a jiki, ko ciwon maƙoƙo, ko shan taba. Maganar da tsofaffi su ke yi cewa damuwa tana kawo furfura ita ma ta sami goyon baya, domin a 2020 masana a Jami'ar Harvard ta Amurka sun nuna yadda tsananin firgita ya ke ƙarar da ƙwayoyin launin nan a jikin ɓeraye. Zancen cewa in ka tsinke ɗaya goma za su fito kuwa ba shi da tushe. Rami ɗaya gashi ɗaya ya ke fitarwa.

Har ila yau launin gashi ya kan ba da labarin lafiya. Yaron da gashinsa ya koma ja-ja, ya yi laushi yana zubewa, sau da yawa tamowa ce ta kama shi. Waɗanda suka ga Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970 ba za su manta da irin yaran nan ba.

Rinin kanti kuwa asalinsa daga kwal ne. A 1856 wani yaro ɗan shekara 18 a Ingila, mai suna Wiliyam Fakin, yana ƙoƙarin haɗa kunin, maganin zazzaɓi, daga baƙin man da ke fita daga kwal, sai ya ɓuge da samo rinin tufafi mai launin shunayya. Daga nan ƙofa ta buɗe. Cikin 'yan shekaru aka samo wani sinadari mai dogon suna wanda a ke taƙaitawa da haruffa uku, PPD, kafin ƙarshen ƙarnin kuma aka fara rina gashi da shi. A 1907 wani Bafaranshe ya haɗa nasa rinin yana sayar wa masu gyaran gashi a birnin Faris, kamfanin da ya kafa a 1909 shi ne a yau a ke kira L'Oréal. Har gobe PPD ɗin nan da danginsa su ne ƙashin bayan yawancin baƙin rini mai daɗewa.

Ga yadda ya ke aiki. Kowane silin gashi yana da ɓawo a waje mai kama da ɓawon kifi. A yawancin rinin kanti akwai amoniya, mai warin nan da ke hawa kai, ita ce ta ke ɗaga ɓawon. Akwai ruwan haidurojin, irin wanda a ke wanke miki da shi yana kumfa, shi ne ya ke kashe launin ainihi, ya kuma dafa sabon. Sai PPD ya shige cikin gashin yana ƙarami, ya harhaɗu a ciki ya zama babba, ya kasa fita. Shi ya sa sabulu ba ya wanke shi. Shi ya sa kuma gashin da aka yawaita wa rini ya kan bushe ya dinga karyewa, musamman ga matan da su ke haɗa rini da rilaksa, domin duka biyu ɓawon nan su ke ci.

Likitocin fata sun daɗe da sanin halin PPD. A 2006 ƙungiyarsu ta Amurka ta ware shi a matsayin sinadarin da ya fi cancanta a yi hattara da shi a wannan shekara. Ƙasashen Tarayyar Turai ba su yarda ya wuce kashi 2 cikin ɗari na rinin da aka kwaɓa ba, kuma dole a rubuta a kwali cewa ba na 'yan ƙasa da shekara 16 ba ne. Garin da a ke ƙullawa a leda a kasuwanninmu, ba suna ba adireshi, wa ya auna nasa?

Akwai kuma maganar ciwon daji. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mai yiwuwa ne aikin masu aski da masu gyaran gashi, waɗanda kullum hannunsu yana cikin sinadaran nan, yana ƙara musu haɗari, amma ba ta yanke hukunci a kan mai rina kansa jefi-jefi ba. A 2019 wani bincike a Amurka da ya bi mata fiye da 46,000 ya ga cewa masu amfani da rini mai daɗewa sun fi waɗanda ba sa yi kamuwa da sankarar mama da kashi 9 cikin ɗari, a tsakanin mata baƙar fata kuwa bambancin ya kai kashi 45. Masu binciken da kansu ba su ce rinin ne kaɗai sanadi ba. Duk da haka wannan ishara ce da ta shafe mu kai tsaye.

BAƘIN LALLEN AMARE

Wani abin da likitan nan ya nuna mini, wanda ya fi tayar mini da hankali, ya shafi 'ya'yanmu mata. Lalle na gaskiya ja ya ke bayarwa, ko ruwan goro, kuma sai ya yi sa'o'i kafin ya kama. Baƙin zanen nan da a ke yi wa amare da ƙawayensu, wanda mata su ke kira dayis, mai kamawa cikin ɗan lokaci, galibi rinin gashi ne aka kwaɓa, wani lokaci ma ba ko ƙwayar lalle a ciki. Watau PPD ɗin da aka yi don gashi, aka kuma ce a kiyaye kada ya jima a fata, shi ne a ke zanawa a hannu da ƙafa a bar shi ya bushe. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta yarda a shafa shi a fata ba sam.

Waɗansu 'yan mata zanen ya kan tashi ya yi ƙuraje daidai bisa fulawar da aka zana, ya bar tabo. Waɗansu kuma ba sa ganin kome a lokacin, amma jikin ya riga ya riƙe. Bayan shekaru, ran da ta rina gashinta, sai kai da fuska su kumbura, ta rasa dalili. Wani lokaci har baƙar roba da rinin waɗansu tufafi su kan tayar mata da borin.

A Sudan da Maroko, inda mata su ke yawan haɗa sinadarin nan da lalle, asibitoci sun sha karɓar waɗanda ya shiga cikinsu, har da yara ƙanana da suka same shi a ajiye. Wuya da harshe su kan kumbura har numfashi ya toshe, fitsari ya yi baƙi, ƙoda ta tsaya. Saboda haka duk gidan da a ke ajiye dayis, a ɗauke shi kamar yadda a ke ɗaukar maganin ɓera.

KAKANNINMU MA SUN YI RINI

Kada mai karatu ya zaci sāke launin gashi baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Kyaftin Kilafaton, Baturen nan da ya sauka Kano a 1824 kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rubuta cewa ya ga matan Kano da na Barno suna shafa shuni a gashi da gira da hannuwa. Shunin nan daga baba a ke samunsa, ganyen da har yanzu marina ta Ƙofar Mata a Kano ta ke aiki da shi. Tsofaffinmu sun san kitson da a ke shafe shi da shuni da man shanu yana ƙyalli. A waɗansu sassan Afirka ma haka ne: Masai na Kenya da Himba na Namibiya da jar ƙasa da mai su ke shafe gashinsu.

Bambancin lalle da rinin kanti shi ne, lalle ba ya fasa ɓawon gashi da ƙarfi, kuma ba ya kashe launin ainihi. Launinsa manne wa gashin ya ke yi. Shi ya sa a kan baƙin gashi ba a cika ganinsa ba, a kan furfura kuwa sai ya fito ja. Wanda ya ke son duhu, a Indiya da ƙasashen Larabawa su kan fara shafa lalle, sa'an nan su bi da garin baba, sai ya ba da launi mai kusa da baƙi. Amma shi ma lallen yana da nasa sharaɗi. Likitoci sun hana a shafe jikin jarirai da shi, domin akwai wani ciwon jini na gado, wanda ba baƙo ba ne a Nijeriya, da lalle ya kan sa jinin jariri mai shi ya narke.

ABIN DA MALAMAI SUKA CE

Addini bai ƙyale maganar nan ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa Annabi Ibrahim, alaihis salam, shi ne ya fara ganin furfura, da ya tambaya aka gaya masa kwarjini ce, sai ya roƙi ƙari. Akwai kuma hadisan da suka hana tsinke ta. 'Yan'uwanmu Kirista, waɗanda mu ke zaune tare da su a Jalingo, su ma Littafi Mai Tsarki ya kwatanta musu furfura da kambin daraja, ya kuma umurci yaro ya miƙe wa mai ita.

Duk da haka Musulunci bai hana rini ba, ya ma kwaɗaitar da shi. Imamu Muslim ya ruwaito cewa ranar da aka buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, sai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi umurni a sāke launin, amma a nisanci baƙi. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Abubakar yana rini da lalle haɗe da wani ganye na ƙasar Yaman mai suna katam, Sayyidina Umar kuwa da lalle zalla. Jan gemun da mu ke gani wurin waɗansu malamai da alhazai daga nan ya samo asali.

A kan baƙin ne malamai suka saɓa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajiri a ƙasar nan ya sani, ta tafi a kan cewa makaruhi ne, bai kai haram ba, lalle da katam kuwa ba laifi. Imamu Nawawi na mazhabar Shafi'i ya rinjayar da haramci. Inda bakinsu ya zo ɗaya shi ne yaudara. Dattijon da ya rina kai ya je neman aure don a ɗauka yaro ne, ko macen da aka rina wa furfura don a ɓoye wa mai nema shekarunta, wannan algus ne, daidai da na mai zuba ruwa a nono.

MASU ƁOYEWA DA MASU NUNAWA

Ɓoye furfura ba a kan talaka ya tsaya ba. Husni Mubarak na Masar ya sauka daga mulki a 2011 yana da shekara 82, kansa baƙi ƙirin kamar na saurayi. A Jamus kuwa, a 2002, shugaban gwamnati Gerhard Shuroda har kotu ya kai wani kamfanin dillancin labarai saboda ya yaɗa cewa yana rini, ya kuma ci shari'ar. A nan gida kowa ya san ma'aikacin da ya je kotu ya yi takardar rantsuwa ya rage shekaru don gudun ritaya, tun da doka ta ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Irin wannan, rini ne mai tsaron takardarsa. Sai dai rini ba ya ɓoye gwiwa mai ƙara, abokan makarantar firamare kuma suna nan da ransu. A ɗaya gefen dubi Wole Soyinka, wanda ya ci kyautar Nobel a 1986. Farin gashin nan nasa ya zama tambarinsa a duniya duka.

Abin dariya shi ne, sa'ad da tsofaffi su ke kashe kuɗi su mai da fari baƙi, samari kuma suna kashe nasu su mai da baƙi fari. A titunan Jalingo, musamman tun da aka buɗe Jami'ar Jihar Taraba a 2008 matasa suka ƙaru daga ko'ina, ba wuya ka ga yaro da kai ruwan zinariya ko ja. Daga 'yan ƙwallo da mawaƙa su ke koyi. Taribo West ya buga wa Nijeriya a gasar Kofin Duniya ta 1998 a Faransa da koren kitso. Victor Osimhen, gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2023, da farin tukku duniya ta san shi.

Nasu rinin ya fi na tsofaffi cin gashi, domin kafin baƙin gashi ya karɓi launi mai haske sai an ƙone melanin ɗinsa da haidurojin mai ƙarfi, wani lokaci har sau biyu. Fatar kai ta kan ƙone, gashi ya koma kamar soso. Sa'an nan ga idon jama'a. Cikin koke-koken da suka jawo zanga-zangar da ta sa aka rushe rundunar SARS a watan Oktoba na 2020 akwai cewa a kan tare saurayi a titi saboda gashinsa kawai. A Kano ma jaridu sun sha ba da labarin 'yan Hisba sun tare samari sun aske musu kai. Launin kai ba shaidar laifi ba ne, kuma zalunci ne a hukunta yaro a kansa. Amma yaron da zai shiga neman aiki, ko zai je gaida surukai, ya kamata ya san yadda za a karanta kan nasa kafin ya buɗe baki.

GA WANDA YA CE SAI YA YI

Ba na ce kowa ya bari ba. Matar da furfura ta fito mata tun tana da shekara 30, ko saurayin da ya gaje ta da wuri har yara suna yi masa ba'a, ba wanda zai zarge su. Sai dai a shiga da ido buɗe.

Da fari a sayi rini mai kwali, mai suna da adireshi da lambar hukumar NAFDAC, a kuma duba ranar lalacewarsa. A karanta ko a sa a karanta, a nemi haruffan PPD. Akwai wani irin mai da a ke shafawa kullum yana duhunta gashi a hankali, shi kuma da yawansa da darma a ke yinsa, Amurka ta hana irinsa tun daga 2022.

Na biyu, a gwada kafin a shafa. A kwaɓa ɗan kaɗan, a ɗiga a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu, a jira sa'a 48. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, to, a zubar. A yi haka kowane karo, domin ni ma ai ba a karon farko na kumbura ba. Kada a wuce mintocin da aka rubuta, kada a shafa a kan ƙuraje ko sabon aski mai yanka, mai shafawa kuma ya sa safar hannu. Mai rilaksa ta bar aƙalla mako biyu tsakani.

Na uku, gira da gashin ido ba wurin rini ba ne. A Amurka a 1933 wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure, mai PPD a ciki, ya makantar da mata, har aka sami wadda ta mutu, abin da ya taimaka aka kafa dokar kayan shafe-shafe ta 1938. Hausawa sun riga sun faɗa, garin gyaran gira a kan rasa ido.

Na ƙarshe, in fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko yaro ya haɗiyi rini, kada a tsaya ba da manja ko madara ana jira. A nufi asibiti nan take, a tafi da kwalin ko ledar don likita ya gani.

Da Babbar Salla na koma Abbare gaida Goggo. Gemu ya tsiro, fari ya fi baƙi yawa. Ta shafa shi, ta ce yanzu ne na yi kama da mahaifinmu. Da zan taho ta sa aka tsinko mini ganyen lallen nan, aka ƙulla a leda, ta ce in na ga ba zan iya haƙuri ba, ga shi. Yana nan a ajiye ban taɓa ba tukuna. A tasha kuwa yaron mota ya hango ni daga nesa, ya ce, "Baba, zo ka shiga gaba."

Shi kuwa mai askina, sai bayan duk wannan na lura cewa nasa kan fari ne fat, bai taɓa sa masa kome ba. Ashe gaskiya ne, wanzami ba ya son jarfa. Allah ya ba mu tsufa mai albarka, amin.